Ko jirgin sama yana iya hana roka tashi?

Yau za mu koma baya zuwa yaƙin nan da tsofaffinmu suke kira Yaƙin Hitila. A littattafai sunansa Yaƙin Duniya na Biyu. An fara shi a 1939, aka ƙare a 1945. Ba a gwabza shi a ƙasar Damagaram ba, amma zafinsa ya iso mu. An ɗebi samari aikin soja, an karɓi gero da dabbobi, yadi da sukari suka yi wuyar samu a kasuwa. Faransa ta faɗa hannun Jamus cikin watan Yuni na 1940, Turawan da ke mulkin Nijar kuwa suka bi gwamnatin da ta yi sulhu da Jamus, har ƙarshen 1942. Kano tana hannun Ingila. A filin jirgin Kano ne jiragen yaƙin Ingila suke sauka su sha mai. Ana kawo su ta teku cikin akwatuna, a harhaɗa su a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lami da Hartum har Masar. Dubban jirage sun bi wannan hanya, can kudu da mu kaɗan.

Ba labarin yaƙin duka zan ba ku ba. Tambaya ɗaya za mu bi. In abokin gaba yana harbo maka roka daga nesa, kai kuwa kana da jiragen sama kamar ƙasa, ashe ba sai ka tura su su ragargaza wurin da yake harbin ba, ka huta? Duk wanda ka tambaya a kasuwar Gidimuni zai ce maka ƙwarai kuwa. Haka shugabannin Ingila da Amurka ma suka ce. Suka gwada har wata 19. Ga yadda ta kaya.

Makaman ramuwa

Da farko mu san abin da ake ce wa roka. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi sarauta har 1884, ya sa maƙera sun zuba masa igwa a cikin Birni. Ita igwa, albarushi ne yake tura harsashinta sau ɗaya tak, daga nan harsashin ya yi ta tafiya har ƙarfinsa ya ƙare. Roka ba haka take ba. Tana ɗauke da manta a cikinta, wuta tana fita ta gindinta tana ingiza ta. Shi ya sa take cin nisan da igwa ba ta ci.

Jamusawa sun ƙera irin waɗannan makamai guda biyu, suka sa musu V-1 da V-2. Harafin V ɗin nan farkon kalmar ramuwa ne a harshensu, domin jiragen Ingila suna ƙona musu birane, su kuma suna neman fansa.

V-1 ƙaramin jirgi ne marar matuƙi, da bam na kilo 850 a hancinsa. Yana cin nisan kilomita 250, watau kamar daga Damagaram zuwa Kano. Ba ya iya tashi da kansa daga ƙasa. Sai an ɗora shi kan wata doguwar kwangiri mai hawa, an cilla shi kamar dutse daga majajjawa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

V-2 ita ce roka ta sosai. Tsawonta mita 14, kamar dogon dabino a bakin tafki. Bam ɗinta tan ɗaya ne, nauyin buhu 10 na gero ke nan. Tana tashi tsaye, ta yi sama kilomita 80, ta sauko a wuri mai nisan kilomita 320, duka cikin minti 5. Ta fi sauti gudu. Mutane sukan ji fashewarta tukuna, sa'an nan su ji ƙarar zuwanta. Man da take sha barasa ce da ake tatsa daga dankalin Turawa, haɗe da sashen iska mai rura wuta wanda aka sanyaya har ya zama ruwa.

Daren Penemunde

A wani tsibiri na arewacin Jamus, a bakin teku, akwai wuri mai suna Penemunde. Nan aka tara masana da maƙera a ɓoye. Shugaban aikin soja ne, Janar Dornberger, babban masaninsu kuwa wani saurayi ne, Von Braun. Ran 3 ga Oktoba 1942 rokarsu ta fara tashi lafiya. Labari ya riƙa isa Landan daga bakin ƴan leƙen asiri, amma wasu manya ba su yarda ba. Sai da jirage masu ɗaukar hoto suka bi ta kan tsibirin a 1943, aka zauna da gilashi ana duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, aka ga wani abu dogo kwance kan mota.

Daren 17 ga Agusta 1943, da farin wata, Ingila ta tura jirage 596. Wasu 8 suka wuce Balin, babban birnin Jamus, don su ja hankalin jiragen tsaro. Dabarar ta ci na ɗan lokaci. Aka zuba bam kusan tan 1,800. Ba gine-gine kaɗai ake nufi ba. An shirya a fara da gidajen da masanan suke kwana, domin a kashe su kan gadajensu, tun da gini ana sake shi amma ilmin da ke kan mutum ba a sake shi da wuri.

To, jiragen da ke gaba, masu jefa fitilun nuna wuri, sun yi kuskure. Wasu fitilun suka sauka kudu da inda ake so, kan sansanin ma'aikatan tilas da aka kwaso daga Polan da wasu ƙasashe. An kulle su cikin waya, ba su da ramin fakewa na kirki. Mutanen da suka mutu a daren sun haura 700, kuma kimanin 500 daga cikinsu waɗannan bayin Allah ne. Cikin manyan masana kaɗan aka samu, har da Dokta Thiel mai ƙera injin rokar. Von Braun ya tsira. Ingila ta yi asarar jirage 40 da matuƙa sama da 200.

Ribar fa? Masu tarihi sun ce aikin rokar ya yi jinkirin kamar wata biyu. Wata biyu a lokacin yaƙi ba abin rainawa ba ne. Amma Jamusawa sun ɗauki darasi. Suka kwashe aikin ƙirar suka shigar da shi cikin ramukan wani dutse kusa da garin Nordhausen, inda bam ba ya kaiwa. Fursunoni aka sa suka faɗaɗa ramukan. Watanni suna kwana a ciki, ba rana, ba ruwan wanka, ƙura da yunwa da duka. Sunan sansanin Dora. Mutum kimanin 60,000 suka shiga shi da rassansa, wajen 20,000 suka mutu. Iyayenmu sun san aikin tilas, wanda ba a hana shi a ƙasashen mulkin Faransa ba sai 1946, amma wannan ya wuce duk abin da suke ba mu labari. Waɗanda V-2 ta kashe a inda ta faɗa ba su kai 10,000 ba. Watau makamin ya fi cin masu ƙera shi bisa waɗanda aka harba wa.

Abin da ke zaune wuri ɗaya

Daga Jamus roka ba ta kai Landan. Dole a kawo ta arewacin Faransa, gaɓar da ke fuskantar Ingila. Nan gardama ta tashi tsakanin Jamusawa. Janar Dornberger ya ce a ɗora rokoki kan motoci, a harba a gudu. Hitila kuwa mai son ƙaton gini ne. Ya ce a gina gidajen kankare waɗanda ba bam ɗin da zai fasa, a riƙa harbi daga ciki dare da rana.

Aka fara ɗaya a dajin da ke kusa da Watten. Gini irin wannan ba ya ɓoyuwa: ga hanyar jirgin ƙasa, ga dubban ma'aikata, ga tulin siminti. Ran 27 ga Agusta 1943 jiragen Amurka suka zo tun simintin bai gama bushewa ba, suka dagula shi, ya daskare a karkace. Duk wanda ya taɓa ganin saniya ta bi ta kan ɗanyen tubali ya san abin da ya faru. A nan ma ma'aikatan tilas da yawa sun hallaka.

Jamusawa suka koma Wizernes, ba nisa da can. Suka zuba wa wani tudun farar ƙasa rufin kankare mai kama da kifaffiyar ƙwarya, faɗinsa mita 71, kaurinsa mita 5, sa'an nan suka shiga haƙa a ƙarƙashinsa. Ingila ta fito da wani sabon bam mai nauyin tan 5 da ɗoriya. Ba rufin yake nema ba. Yakan nutse cikin ƙasa a gefe ya fashe a can ciki, ƙasa ta girgiza. A watan Yuli 1944 tudun ya zabtare, ya toshe ƙofofin. Rufin bai fashe ba, yana nan har yau, an mai da wurin gidan tarihi. Amma ko roka ɗaya ba ta taɓa tashi daga Watten ko Wizernes ba. A nan kam jirgin sama ya yi aikinsa cif.

Sai batun V-1. Cikin 1943 wani Bafaranshe mai suna Michel Hollard, wanda yake yawo da sunan tallar injin gawayi na motoci, ya ji ana wasu gine-gine na ban mamaki a ƙauyuka. Ya sa kayan lebura ya shiga ɗaya. Ya ga doguwar shimfiɗar kankare, ya auna ta da ƙaramin kamfas, sai ya ga ta miƙe sak zuwa Landan. Shi da mutanensa suka bi ƙauyuka da kekuna suna ƙirga irinta. Ya tsallaka iyakar Suwizalan a ɓoye ya kai wa Ingilishi labari. Daga baya Jamusawa suka kama shi, suka azabtar da shi, amma ya rayu har bayan yaƙi.

Daga sama wuraren suna da sauƙin ganewa, domin kowanne yana da dogayen ɗakunan ajiya masu lanƙwasa a ƙarshe kamar sanda mai ƙugiya. Aka ƙirga 96. Tun daga Disamba 1943 jirage suka dinga zuba musu bam, har aka lalata mafi yawansu. A Landan wasu suka fara cewa an gama da wannan fitina.

Ashe Jamusawa sun sake lale. Suka bar ƴan ma'aikata a tsofaffin wuraren suna kai da kawowa kamar ana gyara, don jirage su ci gaba da ɓarnar bam a kan kango. A gefe guda suka shirya sababbin wurare marasa ɗakunan ajiya. Ƴar shimfiɗar kankare kawai, a cikin gonar itatuwa ko bayan gidan manomi, a rufe ta da ciyawa. Kwangirin cillawa kuwa gunduwa-gunduwa ake kawo shi a mota, a ɗaura cikin ƴan kwanaki. In an fasa wannan, a ɗaura wani a ƙauye na gaba.

Ran 6 ga Yuni 1944 sojojin Amurka da Ingila da Kanada suka sauka Normandi don ƙwato Faransa. Bayan mako ɗaya, ran 13 ga wata, V-1 na farko ya faɗa Landan ya kashe mutum 6. Kwana uku bayan haka aka cillo sama da 200 cikin yini da dare. Daga sababbin wuraren nan ne. Mutanen Landan suka koyi sauraron ƙugin injinsa: muddin yana ƙugi zai wuce, in ya yi shiru sai kowa ya kwanta ƙasa. Mutum fiye da miliyan suka bar birnin.

Gwamnati ta matsa wa sojan sama lamba, aka sake juya jirage masu yawa kan wuraren cillawa. Harbi bai tsaya ba. Abin da ya ɗan rage shi shi ne harin da aka kai a watan Yuli kan wasu koguna a arewacin Paris, inda ake tara makaman kafin a rarraba su, da kuma fasa hanyoyin jirgin ƙasa. Mai son hana shuka, rumbun iri ya kamata ya nema, ba bin mai shuka rami rami ba.

Shi V-1 yana da wani rauni: gudunsa bai fi na jirgin yaƙi mai sauri ba, kuma ba ya kauce-kauce. Aka kwashe manyan bindigogi aka jera su a bakin teku, da na'urar hango jirgi da sabon harsashi mai fashewa da ya kusanci abin da aka harba. A ƙarshen Agusta akwai ranar da aka cillo sama da 90, guda 4 kaɗai suka isa Landan. Gaba ɗaya an cilla wa Ingila kimanin 10,000, wajen 2,400 suka faɗa Landan, mutum sama da 6,000 suka mutu.

Cillawa daga Faransa ta tsaya a farkon Satumba 1944. Ba bam ne ya tsai da ita ba. Sojojin Kanada da na Ingila ne suka iso ƙauyukan da ƙafafunsu da tankokinsu, Jamusawa suka tattara suka gudu. A wannan damina ce kuma sojojin Afirka na rundunar Faransa, waɗanda ake kira ƴan Senegal ko daga wace ƙasa suka fito, suka sauka a kudancin Faransa suka yi yaƙin Tulon da Marsai. Su ba su je wuraren roka ba, amma irin aikin ɗaya ne, ƙwato ƙasa taƙi bayan taƙi.

Abin da ke yawo

Ran 7 ga Satumba 1944 ministan da ke kula da wannan sha'ani, Duncan Sandys, ya gaya wa ƴan jarida cewa yaƙin Landan ya ƙare, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Washegari da yamma V-2 ta farko ta faɗa birnin. Gwamnati ta yi gum har wata biyu, ana cewa bututun gas ne yake fashewa. Sai ran 10 ga Nuwamba Cocil ya faɗa wa majalisa gaskiya.

Shawarar Dornberger ce ta yi aiki a ƙarshe. Ana kawo roka da jirgin ƙasa da dare, a ɗora ta kan wata doguwar tirela mai hannu. A kai ta kowane wuri mai taurin ƙasa, ko hanyar mota a ƙarƙashin itatuwa. Hannun tirelar ya ɗaga ta tsaye bisa wani ɗan teburin ƙarfe. Motocin mai su zo su cika ta. Cikin ƴan sa'o'i an harba, kafin ka ce kwabo an kwashe kome an bar wurin. In jirgi ya zo, me zai tarar? Baƙin tabon wuta a ƙasa. Cikin rokoki sama da 3,000 da aka harba, da ƙyar ake iya nuna lokacin da jirgi ya riski masu harbin a bakin aiki. A sama kuwa ba bindigar da ke iya taɓa ta.

Birnin Antwerp na Beljiyam ya fi Landan shan ruwan roka, domin ta tasharsa ake sauke kayan yaƙi. Ran 16 ga Disamba 1944 roka ɗaya ta faɗa gidan silima na Rex ana tsakiyar kallo, ta kashe mutum 567. A Ingila kuwa V-2 ta kashe mutum sama da 2,700.

Yawancin waɗanda aka harba wa Landan daga Holan suka taso, daga birnin Heg da kewayensa. Jamusawa suna sane suka zaɓi dazuzzukan shaƙatawa na tsakiyar gari, kusa da gidajen mutane. Mutanen Holan abokan Ingila ne, an mamaye su ne kawai, saboda haka aka daɗe ana tura ƙananan jirage masu saiti, ba manya ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ran 3 ga Maris 1945 aka tura jirage sama da 50 su share dajin da ake ajiye rokoki. An ba matuƙan lissafin wuri ba daidai ba, ga gajimare, ga iska. Bama-baman suka sauka kan unguwar Bezuidenhout. Mutum sama da 500 suka mutu, dubbai suka rasa gidajensu, a ƙarshen hunturun da yunwa ta riga ta gama da su. Dajin bai ji kome ba. A daren nan Jamusawa suka ci gaba da harbi.

V-2 ta ƙarshe ta faɗa Ingila ran 27 ga Maris 1945. Masu harbin sun janye ne don sojojin ƙasa sun tsallaka kogin Rayin, suna neman datse musu hanyar komawa gida.

Mu yi lissafi

Bayan yaƙi Amurkawa suka ƙirga. Daga Agusta 1943 zuwa Maris 1945, jirage sun yi sawu kusan 69,000 kan waɗannan makamai, sun zuba bam sama da tan 120,000. Ku ɗauki alli ku raba: in babbar mota tana ɗaukar tan 30, motoci 4,000 ke nan. Duk rokokin V-2 da aka harba kuwa, bam ɗin da suka ɗauka bai wuce tan 3,000 da ɗan kai ba. Jiragen Ingila sun zuba fiye da haka kan birnin Dortmund a yini ɗaya cikin Maris 1945. Jamus ta yi wautar zuba dukiyarta cikin roka, amma rokar ta sa abokan gabanta su ma sun karkatar da jiragen da ake bukata a wani fage.

Akwai masu cewa duk wannan bam asara ce. Ni ban yarda da su duka ba. An rushe manyan gidajen kankare, an tilasta wa Jamus sake shiri, aka sami jinkirin watanni. Janar Eisenhower, shugaban rundunar da ta sauka Normandi, ya rubuta daga baya cewa da makaman sun fito wata shida kafin lokacinsu, da saukar ta yi matuƙar wuya, wataƙila ma ta gagara. Jinkiri aka saya, kuma ya yi rana. Amma in cewa aka yi jirgi ya hana harbi, wannan bai faru ba. Tun daga Yuni 1944 aka san sababbin wuraren ba sa fasuwa da bam, duk da haka aka ci gaba, domin mutanen Landan suna son su ga ana yin wani abu. Kuɗin wannan kwantar da hankali, manoman Faransa da mutanen Heg da matuƙan jirage ne suka biya shi.

Mu manoma ba baƙon abu ba ne gare mu. Jan-baki yana da wurin kwana. In malaman gona sun gano kurmin da yake sauka da magariba, jirgin feshi yakan yi masa ɓarna a dare ɗaya. Farar ɗango kuwa, in ta riga ta yi fiffike, wanda ya ga ta 1988 ko ta 2004 ya sani: kafin saƙo ya kai, kafin jirgi ya taso, ta cinye geron ta yi gaba.

Shekara 46 bayan haka

Von Braun ya miƙa kansa ga Amurkawa, shi ne ya jagoranci ƙera rokar da ta kai mutum duniyar wata a 1969. Rasha ma ta kwashi nata rabon na masana da kayan aiki. Daga cikin makaman da ta ƙera bayan haka akwai roka mai suna Skud, wadda ake ɗauka kan mota mai ƙafa 8. Ta sayar wa ƙasashe da yawa, har da Iraƙi.

Ran 2 ga Agusta 1990 Saddam Husaini ya mamaye Kuwaiti. Ƙasashe suka haɗa runduna a Saudiyya, Nijar ma a zamanin Janar Ali Saibu ta aika da sojoji kimanin 500. Jirage suka fara kai hari ran 17 ga Janairu 1991. Washegari Skud ta fara faɗawa Isra'ila, daga baya Riyad da Daharan a Saudiyya. Amurka ta tsorata kada Isra'ila ta rama, ƙasashen Larabawa su fice daga rundunar. Saboda haka aka ware jirage don farautar motocin Skud.

A wannan karo akwai abin da mutanen 1944 ba su ko yi mafarkinsa ba. Tauraron ɗan Adam yana hango zafin wutar roka tun tana tashi. Jirage suna gani da dare. Ƙasar ma hamada ce fetal, ba dajin Holan ba. Wuraren harbi na kankare da Iraƙi ta gina a yammacin ƙasar, an kai musu hari tun kwanakin farko, ita kuwa ba ta ma yi amfani da su ba. Motocin suna ɓuya a ƙarƙashin gadoji da cikin kwalbatoci da rana, su fito da dare, su harba, cikin ƴan mintoci sun ɓace. Suka kuma baza motocin bogi a sarari, waɗanda daga sama ba a bambanta su da na gaske.

An kai hari wajen sau 1,500 kan abin da ya shafi Skud. Matuƙa suka riƙa komowa suna cewa sun ƙona motar harbi, har jimillar ta tasam ma 100, fiye da duk motocin da Iraƙi ta mallaka. Abin da ya tabbata shi ne harbin ya ragu bayan makon farko, domin mai gudun jirgi ba ya samun sukunin saiti. Amma bai tsaya ba. An harba kimanin 88. Ran 25 ga Fabrairu, saura kwana uku a tsagaita wuta, Skud ɗaya ta faɗa kan masaukin sojojin Amurka a Daharan ta kashe 28.

Da aka gama, rundunar saman Amurka ta sa masana suka bi diddigin yaƙin, suka fitar da rahoto a 1993. Ba su sami tabbacciyar shaida ba cewa jirgin yaƙi ya lalata ko da motar Skud ɗaya ta gaske. Abubuwan da aka gani suna ci da wuta a hotuna, waɗansu na bogi ne, waɗansu kuwa tankokin mai ne masu bin hanyar Bagadaza zuwa Amman. Daga sama, da dare, doguwar tankar mai da motar roka kamarsu ɗaya. Cikin waɗanda suka mutu a wannan hanya akwai direbobin Jodan masu jigilar mai zuwa ƙasarsu.